Ranar da Jirgi Ya Bar Mun Cika

Shekara talatin da takwas muka yi da maigidana, kuma in aka cire zancen yawan gishiri a miya, gardama ɗaya ce ba mu taɓa gamawa ba: jirgin ƙasa ko mota. Yau wata biyar da rasuwarsa. Hularsa tana nan rataye a bayan ƙofa, har yanzu ban iya wanke ta ba.

Direban doguwar mota ne, irin mai kujera hamsin da ke wuni a kan hanya. A tasha ba kowa ya san sunansa ba, Mun Cika ake ce masa. Duk inda ya tsaya, ko don cin abinci ko don mutane su kewaya, ba ya saka giya sai ya tashi ya bi kujeru yana ƙirga kawuna da yatsa. In ya kai ta ƙarshe sai ya juyo ya ɗaga murya: "Mun cika?" Sai mota ta amsa masa sannan ya tashi. Wanda ya sauka ya bar hula ko gyale a kujerarsa, ko awa zai yi, za a jira shi. Abin alfaharinsa ke nan, shekara talatin yana tuƙi bai taɓa barin mutum a hanya ba.

Ni kuwa 'yar ma'aikacin reluwe ce. Babana mai gyaran layin dogo ne, gidanmu a bakin layi yake, in jirgi zai wuce har kofunanmu rawa suke yi a kan tebur. Shi ya sa maigidana yake kirana 'Yar Reluwe.

"Jirgi ba rami, ba cunkoso, ga banɗaki, ga wurin miƙe ƙafa," nake ce masa.

"Jirgin naki ya san ƙofar gidan wani?" zai ce. "Ya zubar da ke a tasha kamar buhun gawayi, ki san inda za ki nufa."

"Motar taka kuwa sai ta karya wa mutum baya sannan ta kai shi."

"Amma dai ta kai shi."

Haka muke, har yara suka girma suka watse. Akwai kuma wani abu nasa da ya kamata in faɗa. In ya dawo daga tafiya, tun daga kwanar layinmu yake danna hon, gajeru uku dogo ɗaya, don in ɗora masa ruwan wanka. Duk unguwa an san wannan hon ɗin.

Shekara shida da suka wuce, bayan gwiwa ta sa ya ajiye tuƙi, 'yarmu Auta ta kira mu da yamma tana kuka. Aure ya kai ta wani babban gari mai nisa da ban taɓa zuwa ba. Cikinta na fari ya zube, wannan na biyu kuma ya isa haihuwa, amma likita ya duba ya ce yaron a gicciye yake, gobe ƙarfe huɗu na yamma za a yi mata tiyata.

"Inna, tsoro nake ji," ta ce. "Don Allah in ga fuskarki kafin su shiga da ni."

Mijinta ya karɓi wayar ya ce ya riga ya kama mana kujeru biyu a jirgin safe, zai isa biyu da minti goma. Shi ba zai iya barin asibiti ba, mu ɗauki tasi daga tasha. Ya faɗi sunan asibitin da lambar ɗaki, maigida ya rubuta a 'yar takarda ya soka a aljihun gaba tare da wayarsa. Tawa wayar tun sati biyu ta faɗa bahon wanki, ba ta ƙara magana ba.

"Jirgi," maigida ya ce bayan ya kashe wayar, kamar an ba shi magani mai ɗaci. "Ni, da furfurata."

"Bayana ba zai iya mota ba, ka sani. Kuma 'yarka ce."

"Na ji. Amma kada wani a tasha ya ji labari."

Ƙarfe bakwai daidai jirgi ya tashi. Tun maigida bai gama zama ba ya fara waige-waige.

"Ina direban?"

"Yana can gaba, tarago tara tsakaninku."

"Mutum ya hau abin da bai ga idon direbansa ba? In barci yake ji fa?"

Wata malamar makaranta mai tabarau ce a kujerar da ke kallonmu, da tulin littattafan yara a cinya tana duba su da jan biro. Ta danne dariya. Duk kwanar da jirgi ya sha, sai in ga ƙafar maigida ta dama ta danna ƙasa, yana taka birkin da babu. Banɗaki kuwa sau uku ya shiga kafin ƙarfe goma. Na ce, "Ya ka gani?" Ya ce, "Ba laifi, amma ƙofar tana ƙara."

Wajen sha ɗaya lokacin shan maganina ya yi, wanda ba a sha sai da abinci a ciki. Na buɗe jaka na ga wayam. Ledar burodin tana can gida kan tebur inda na ajiye ta don kada in manta. Daidai nan jirgi ya rage gudu ya tsaya a wata 'yar ƙaramar tasha. Can bayan shinge ga mai shago, ga mai lemo.

Maigida ya miƙe.

"Zauna," na ce. "Minti uku yake yi a nan."

"Minti uku ai ya ishe ni."

"Da wannan gwiwar? Baban Auta, jirgi ba ya jira."

"Haba 'Yar Reluwe. Babu abin hawan da zai tashi ba a ƙirga mutane ba." Ya cire hularsa ya ɗora a kujera ya daddanna ta. A bakin ƙofa ya haɗu da mai duba tikiti, ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, ka riƙe mana ita minti biyar, ga hulata can."

Mai duba tikiti ya yi murmushi, ya ɗauka wasan tsofaffi ne.

Ta taga nake kallonsa. Ya sayi burodi. Maimakon ya juyo, sai ya tsaya wurin mai lemo yana zaɓe, yana matsa wannan yana ajiye wancan, don ya san ba na son mai tsami. Na buga gilashi har hannuna ya yi zafi. Aka busa usur. Ya ɗago kai, ya ɗaga wa jirgi hannu alamar yana zuwa, ya koma kan lemonsa.

Jirgi ya motsa.

Ban taɓa ganin mutumin nan yana gudu ba sai ranar. Burodi a hammata, leda ta fashe, lemo na gangarawa ta ko'ina, shi kuma yana ɗingishi yana ihu, "Ba mu cika ba! Kai! Ba mu cika ba!" Yana ƙanƙancewa a taga har na daina ganinsa.

Na kama rigar mai duba tikiti. "Ku tsaya! Mijina!"

"Mama, ki yi haƙuri," ya ce. "Wallahi na ɗauka wasa yake. Jirgi agogo yake dubawa, ba ya ƙirga mutane."

Ni da aka haifa a bakin layi, ni za a gaya wa? Na koma na zauna. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: takarda da waya suna aljihunsa. Na wawuri hular, don ya saba cusa takardu a cikinta. Tikiti biyu ne kawai.

Malama ta rufe littattafanta ta fito da wayarta. "Inna, kwantar da hankalinki. Faɗa mini lambarsa."

"Da bakwai-bakwai ta ƙare."

"Farkon fa?"

"Shi ke kira, ni amsawa nake yi."

"Ta 'yarki?"

Na girgiza kai.

"To sunan asibitin?"

Na rufe ido na yi ta lalube. "Ta taɓa ce mini ƙofarsa kore ce."

Malama ta cire tabarau ta goge. "Inna, asibitocin garin nan sun fi ashirin."

Mai duba tikiti ya je ya sa aka kira waccan tashar. Ya dawo ya ce an ga wani tsoho ba hula ya hau bayan babur rungume da burodi, ba wanda ya san inda ya nufa. Malama ta ba ni biskit na sha magani. Ba a jima ba kuma jirgi ya tsaya cak a tsakiyar daji, wai ana jiran na kaya ya wuce. Minti arba'in muna tsaye. Nan ne na yi kuka sosai. Ina ganin Auta kwance tana kallon ƙofa, ni kuma ina yawo a gari ina tambayar mutane asibiti mai koren ƙofa.

Bayan mun tashi, wajen ƙarfe ɗaya, akwai inda titin mota ya matso ya jera da layin dogo. Kaina na jingine da taga, idona a rufe. Sai na ji shi, can ƙasa-ƙasa cikin ƙarar jirgi. Gajeru uku, dogo ɗaya.

Na ce ko kunnena ne. Ya sake.

Na buɗe ido. Wata doguwar mota ruwan ɗorawa ce take gudu a gefenmu, kaya a samanta na tangaɗi. Rabin jikin maigida yana waje ta tagar gaba, kansa na ƙyalli a rana, yana kaɗa burodi kamar tuta. A sitiyari kuwa tsohon abokinsa ne, Kunkuru, wanda aka laƙaba wa sunan don ko keke yakan wuce shi a hanya. Ranar kuwa ya kwanta a kan sitiyari kamar mai tseren doki.

"Ga shi can!" na ƙwala. "Ga mijina can!"

Duk taragon ya taso ya dawo tagoginmu. Na ɗaga hular na manna a gilashi. Ya gani. Ya nuna gaba da burodin, ya nuna ƙasa da yatsa sau biyu, wato in an isa in tsaya wuri ɗaya. Sai titi ya karkata ya shige bayan wani dutse, ban ƙara ganinsu ba.

"Inna," malama ta ce tana share hawayen dariya, "wannan mijin naki a ina ake samun irinsa?"

"Ɗauke shi kyauta," na ce. "Har da hular."

Uku saura minti goma muka isa. Malama ta taya ni da jakunkuna zuwa bakin babbar ƙofar tasha, inda wani ƙaton agogo yake rataye. Mutane suka watse. Babu mota ruwan ɗorawa. Uku ta yi. Uku da kwata.

"Inna, motoci ba nan suke tsayawa ba," malama ta ce. "Tasharsu tana can ƙarshen gari. Ki zo mu ɗauki tasi, akwai manyan asibitocin haihuwa guda huɗu, mu bi su ɗaya-ɗaya. Wataƙila mu dace."

Na dubi agogo. Maganarta da hankali a ciki. In na zauna bai zo ba, na rasa Auta ina zaune. In na tafi kuma ya zo, takarda ta zo ni ba na nan.

"'Yata, na gode," na ce. "Nan ya ce in tsaya. Mutumin nan yana da taurin kai, yana da surutu, amma bai taɓa barin fasinja ba. Ba zai fara da ni ba."

Ta dube ni, ta dubi agogo, ta ajiye jakarta ta zauna a kan tawa. "To ni ma sai na ga ƙarshen wannan."

Uku da rabi. Na daina kallon agogo, na koma murza hular. Da minti biyar sai ga shi, tun daga nesa, gajeru uku dogo ɗaya. Motar ta kutso harabar tashar jirgi inda ƙananan motoci kaɗai ke shiga, maigadi na bin ta yana busa usur. Ƙofa ta buɗe tun ba ta gama tsayawa ba.

"'Yar Reluwe! Shigo!"

Hannayen maigida baƙi ƙirin da dattin taya. Ashe faci suka yi a hanya, maza duk suka sauka aka canza taya. Kunkuru ya leƙo yana haki. "Uwargida, barka da jirgi! Mijinki ya kusa kashe ni yau. Tun da na fara tuƙi ban taɓa sanin motar nan tana da giya ta biyar ba."

Daga baya na ji sauran labarin. Da ya isa tashar mota ya tarar da Kunkuru yana lodi, saura kujera goma sha biyu, kuma mota ba ta tashi sai ta cika. Sai maigida ya hau kan benci ya buɗe tsohuwar muryarsa yana kiran fasinja, kafin minti goma ya cika ta. A hanya ya tsaya a tsakiyar mota ya ba mutane labarin Auta, ya roƙe su a fara biyawa ta tashar jirgi da asibiti kafin a sauke kowa. Mutum ɗaya ne ya yi ƙorafi, wani mai kwat da jakar ofis, wata mai kwandon kaji ta ce masa in yana sauri ya sauka ya hau jirgi.

Aka tura ni kujerar gaba, malama ma aka jawo ta ciki. Kunkuru ya kama giya.

"Dakata," maigida ya ce. Ya karɓi hularsa ya saka, ya juya ya fara bin kujeru da yatsa.

"Baban Auta! Huɗu saura ashirin!"

Ko waiwaye bai yi ba. Ya kai ƙarshe, ya dawo, ya ɗora yatsa a kaina. "Mun cika?"

Mota gaba ɗaya ta ɗauka, har da mai kwat: "Mun cika!"

Maigida ke riƙe da takarda, malama ke nuna hanya. Huɗu saura minti biyar doguwar mota ta toshe ƙofar asibiti. Ƙofar shuɗiya ce, ba kore ba. Ban san da wace ƙafa na hau bene ba. A baranda muka ci karo da su, nas biyu suna tura gado mai taya, surukinmu na biye, fuskarsa duk ta faɗa.

"Inna!"

Na kama hannunta. Sanyi ƙalau. Na shafa goshinta na ce mata abin da nake ce mata tun tana ƙarama in za a yi mata allura, ta kalle ni kada ta kalli kowa. Nas ta ce mu yi sauri, likita na jira.

Auta ta hango babanta a bayana, da baƙin hannu da burodi da ya lotse a hammata. "Baba, ya jirgi?"

"Lafiya lau, uwata. Ni dai rabi na hau, ya ishe ni."

Da dariya aka shiga da ita. Kafin ƙarfe biyar nas ta fito ta ce mace ce, uwa da 'ya lafiya. Maigida ya leƙa ta tagar bene ya ga motar tana nan, mutane sun ƙi tafiya sai sun ji. Ya ɗaga musu hannu biyu. Kunkuru ya danna hon har maigadin asibiti ya fito da sanda.

Muna zaune a benci ya laluba aljihu ya ciro lemo ɗaya, wanda ya tsira. Ya ɓare mini.

"To, 'Yar Reluwe," ya ce. "Jirgin naki ya tsaya minti arba'in yana jiran buhuna, amma ya kasa jiran mutum minti biyu. Kuma waye ya kawo ki ƙofar asibiti?"

"Wa ya fara isowa gari?"

"Wa ya zauna a bakin ƙofa kamar kayan da ba a zo ɗauka ba?"

"Wa ya sauka sayen lemo?"

Lemon da zaƙi, ban gaya masa ba. A mota muka koma gida bayan sati uku, na yi kwana huɗu ba na iya sunkuyawa, shi ya riƙa ɗora ruwa yana gasa mini bayan, yana cewa laifin kujerar ne ba na mota ba.

Watan jiya Auta ta matsa in je in huta a wurinta, zaman kaɗaici ya isa. Ta ce za ta kama mini kujera a jirgi. Gaskiya jirgi ya fi wa bayana, kuma da yana raye da haka zan faɗa masa. Amma da safiyar tafiya ƙafata tashar mota ta kai ni. Kunkuru ya daina tuƙi, direban wani ne da ban sani ba, ba ya ƙirga kowa. Da muka tsaya cin abinci, mutane suka dawo, ya tayar da mota zai ja. Na dubi kujerar da ke gefena. Mutumin da ke zaune a nan bai dawo ba, ga jaridarsa a ninke a kai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Direba, tsaya! Ba mu cika ba!"

Ya taka birki. Sai ga mutumin ya fito daga bayan shago da gudu, yana gyara ɗamara. Ya zauna yana haki yana yi mini godiya, ya ga ina share ido, ya tambaya ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, bayana ne ke ciwo.